Garin Haihuwar Kaka

Gumel, Laraba da dare.

Yau na gama buga tarihin Kaka, wanda za a raba ranar addu'ar tunawa da shi. Da farko gaskiya na rubuta: daga Damagaram ya tsallako Maigatari da jakunan kanwa, ya zauna, har mutanen nan suka tura shi majalisar Kaduna tun kafin mulkin kai. Har ya rasu lakwal yake ce wa makaranta, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Baffa Sale ya duba ya ce, "Hauwa, goge Damagaram ɗin nan, ki sa Gumel. Takarar kansila nake yi, so kike a ce mini ɗan Nijar?"

Digiri biyu gare ni a fannin tarihi. Ko musu ban yi ba na goge.

Da la'asar Hajiya, matar Kaka da ta rage, ta ce in karanta mata tunda ba ta gani. Na karanta tsaf, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da na gama ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne wannan. Amma ba shi na aura ba."

Gobe za a kai wa masu ɗab'i.