Ƙibar da Yaya Munkaila Ke Alfahari da Ita

Jidda, Sha'aban, 2006

Ƙanwata Sakina, a Tsarnawa,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau. Ni lafiya lau, sai ɗan haki in na hau bene.

Na ji Yaya Munkaila yana yawo da hotona a kasuwar Konni, wai a ga yadda ƙanwarsa ta yi ƙiba, ƙasar Makka ta karɓe ta, har yana cewa in ƙara zama. Allah ya yafe mini, ba na son cin naman ɗan'uwa, amma mai kiwon raguna ya kamata ya fi haka hankali.

Matar gidan da nake aiki ta kai ni asibiti. Likita ya ce kitse ya naɗe mini zuciya, ga hawan jini, ga sukari. Ban yi mamaki ba. Kin san yadda muke tarar da zuciyar ragon da ya daɗe a turke, fari fat ko'ina. Ba a barina fita, ragowar shinkafarsu mai maiƙo nake ci. Arzikin da Yaya Munkaila yake nunawa ke nan. Maganin, in ji likitan, tafiya da rage maiƙo, kuma hanyar gonarmu ta ishe ni.

Kada Inna ta ji batun zuciyar. Shi kuwa ki ce masa bayan Ƙaramar Sallah ina tafe, ya kwashe buhunan albasarsa daga ɗakina. In zaman nan ya burge shi, ya zo, gidan suna neman mai wanke tukwane.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Zuwaira