Na Ɓoye Littafin 'Yata Don Kishin Gwaggonta

Assalamu alaikum Hajiya Hamida. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cina ko mijina na kasa faɗa wa.

Ni 'yar Aujara ce, aure ya kawo ni Takur. Allo na yi, ban yi boko ba. 'Yata Mashkura tana aji uku, amma har bara ba ta iya haɗa baƙi ba. Kullum malaminsu sai ya aiko a riƙa yi mata bita a gida. To wa zai yi? Babanta direba ne, sai ya kwana uku a hanya.

Ana haka ƙanwarsa Zakiyya ta zo zama wurinmu, an turo ta gwajin koyarwa a nan Dutse. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, su karanta shafi ɗaya, su yi lissafi da ƙwallayen dabino. Cikin wata huɗu yarinya ta fara karanta har rubutun jikin buhun shinkafa. Na yi murna, wallahi na yi. Amma in ina madafa ina jiyo dariyarsu, sai kishi ya kama ni.

Ranar da aka ba su sakamako, ta zo ta biyar. Da gudu ta shigo, ta wuce ni ina tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta faɗa jikin gwaggonta. Ni da na yi naƙudarta! Washegari na ɗauke littafin da suke karantawa, na cusa a ƙasan akwatina. Kwana biyu tana nema tana kuka, ni ma ina taya ta nema. Har yau yana nan.

Zakiyya ba ta taɓa ɗaga min murya ba, wankin yara ma ita ke kama min. Ƙarshen wata za ta koma gida. Ina murna za ta tafi, ina kuma tsoron karatun ya tafi da ita. Ni wace irin uwa ce?

Mai jin kunyar kanta, daga Takur

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ke uwa ce da ta ji an bar ta a baya, kuma ciwon nan gaskiya ne. Amma kukan kwana biyun nan Mashkura ce ta yi shi, ita da ba ta yi laifin komai ba. Yaro wurin wanda ya zauna da shi kan aiki yake kai sakamako, ba don ya fi son sa ba. Zakiyya kuwa alheri ta yi miki, ko da yake da ta lura, da ta riƙa jawo ki.

Yau ki fito da littafin, ki ba 'yarki, ki ba ta haƙuri. Sannan kafin Zakiyya ta tafi, ki ajiye aiki ki hau tabarmar nan tare da su, ki ga yadda suke yi. Bayan tafiyarta kada lokacin ya canza: la'asar, shafi ɗaya. Ba sai kin iya karatu ba. Ta karanta miki da ƙarfi, ki tambaye ta abin da ya faru a labarin, in ta yi inda-inda ki ce ta maimaita. Inda ya gagare ku, ta ja layi ta kai wa malaminsu.

Lissafi kuwa kin iya shi. Ki sa ta auna gwangwanin shinkafa, ta raba ƙosai daidai da mutanen gida, ta faɗa miki nawa kowa zai samu.

Ki kuma nemi ajin yaƙi da jahilci na mata a kusa da ku. Wadda ta iya allo, boko ba zai gagare ta ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya Mashkura, ya sa ku ci moriyar karatunta ke da gwaggonta.

Hajiya Hamida