Ƙariyar Inna Ta Yi Fure

Zuwa ga Yaya Habsatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya maigida da yara, yaya kuma ƙafar taki? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai kewarki.

Kin tuna shukar ƙariyar nan da Inna ta ɗauko daga Hamdara, ta dasa a tsohuwar randa bakin ɗakinta? Tun rasuwarta ta zubar da ganye, ta koma gungume. Don tsoron kada ta bi mai ita, safe da yamma nake tuttula mata ruwa, har gindinta ya soma laushi. Baba ya gani, ya ce, "Rabi, kashe ta za ki yi. Uwarku sai ƙasa ta bushe ƙarau take ba ta ruwa." Tun bayan arba'in ban ji ya ambaci Inna ba sai ranar.

Na ja randar inda rana ke bugawa, na ƙyale ta. Juma'ar nan na fito shara, sai ga furanni a kan rassan da ko ganye babu, ruwan hoda, bakinsu ja. Na tsaya riƙe da tsintsiya, ji nake kamar Inna na ɗaki tana turare, yanzu za ta ɗaga labule ta kira ni.

Yanzu kusa da randar Baba ke shimfiɗa tabarmarsa da hantsi, yana shan shayi, yana ba ni labarin ƙuruciyarsu, har da dariya.

Na yanki reshe na dasa miki a gwangwani, yana nan yana jiranki. Ki sa Inna a addu'a, mu ma kada ki manta da mu. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Rabi