Madubin Motar da 'Yata Ta Saya Mini

Don Allah 'yar nan, ki taimake ni da shawara, murna na neman ja mini abin kunya. Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara ashirin ina fama da wata kwarababbiyar mota wadda sai an tura take tashi. Wata uku da suka wuce babbar 'yata, da ke aiki a wani gari, ta aiko mini da dalleliyar mota. Kujerarta har tausa take yi. Ni da ba na fita sai da dalili, yanzu ko ashana mai ɗakina ta ce babu, kafin ta rufe baki na ɗauki makulli. Rannan a cikin motar na karance jarida tas, ko kunna ta ban yi ba.

To, garin ɗaga wa maƙwabcina hannu ina ribas, na daki ƙyaure, madubin gefe ya cire. Na tafi wurin bakanikena ina dariya, don a tsohuwar motata da waya muke ɗaure madubi. Ya zagaya sabuwar sau biyu hannu a baya, ya ce shi kam ba zai taɓa ba. Da aka faɗa mini kuɗin madubin a kamfani, sai da na nemi kujera, ya fi abin da na sayar da tsohuwar. Na koma na matsa wa bakanike ya liƙa mini na wata mota da gam. Tun ranar motar take ta tsuwa, wata jar fitila na ƙyafta mini ido. Ni kuwa sai in ƙure rediyo in ci gaba da yawona.

Ranar Asabar 'yata za ta zo. Tsoro nake ta ga yadda na yi da kyautarta ranta ya ɓaci. In jingina gefen da bango ne don kada ta gani? Kuma anya 'yan kamfanin nan ba cutata za su yi ba?

Tsohon malami mai sabuwar mota

Baba, na yi dariya, kuma na taya ka murna. Ba lalle cutarka za su yi ba. Abin da ka fasa sunansa ne kawai madubi: akwai kyamara a ciki, da na'urar da ke ganin motar da ke gefenka, da ɗan injin da ke naɗe shi. Irin motarka ba ta da yawa a titi, shi ya sa kayanta ba sa jibge a kasuwa, sai an yi oda. In an ɗaura kuma sai ƙwararre ya saita da kwamfuta. Haka za ka gani wajen juyen mai da birki. Amma kamfani ma na ƙara nasu, don haka ka tambayi garejin da ya ƙware a irinta ko akwai na hannu mai kyau.

Bakanikenka ya yi maka gaskiya tun farko, ka gode masa. Rediyon nan kuwa ka rage, fitilar magana take yi maka.

Batun bango, kada ka soma. Kira ta yau ka faɗa mata da bakinka, har da labarin gam ɗin. Ku zauna ku duba ko za ku iya riƙe motar. In ba za ku iya ba, canza ta ba raini ba ne. Madubi ba zai ɓata mata rai ba. Abin da zai yi mata ciwo shi ne ta gane mahaifinta na jin tsoronta saboda abin da ta ba shi. Allah ya tsare hanya, ya yi mata albarka.