Uban da Ba Ya Kiran Sunan Ɗansa

Zuwa ga Shugaban makarantar da jikana yake karatu, a nan Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashin kulawarka.

Ni dattijo ne daga arewacin Nijeriya, mazaunin garin Al Wakrah da ke kusa da Doha. Mafi yawan rayuwata na yi ta ne a zaure ina karantar da fiƙihu, har idona ya raunana, ɗana da ke aiki a ƙasar nan ya ɗauko ni domin likitoci su duba ni, na kuma zauna a hannunsa. Na riga na miƙa wa ofishinka wannan magana da Larabci. Na fitar da ita da Hausa ne domin 'yan'uwana iyayen yara, saboda abin da ya same mu yana iya samun kowane gida a cikinmu. Ban ambaci sunan makaranta ba, ban ambaci naka ba. Gyara nake nema, ba tozarta kowa ba.

Ga abin da ke gabanmu. A mako mai zuwa kwamitin hukumar kare yara zai zauna ya yanke ko jikana, mai shekara goma sha shida, zai ci gaba da zama a gidan mahaifinsa ko za a mayar da shi gidan kulawa. Abu biyu kwamitin zai dogara da su: rahoton da makarantarka ta aika cewa yaron ya daina zuwa aji, da abin da jami'ar hukumar ta rubuta bayan ta ziyarce mu. Ina da magana a kan kowanne.

Na ɗaya: ciwon yaron.

Jikana ba ya gudun makaranta. Ka tambayi malaminsa na lissafi yadda yake kafin zangon nan. Ciwon damuwa ne ya kama shi, mai tsanani, tare da firgita da ke taso masa ba tare da wani dalili da ido zai gani ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya faɗa mana haka bayan ya duba shi, ya kuma ɗora shi a kan magani. Mun karɓi maganin, mun haɗa da addu'a, domin ban taɓa karanta inda aka ce ɗaya yana kore ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, da za ka zo gidanmu da safiyar Lahadi, ranar da ake fara makon karatu a nan, da ka ga abin da ba a rubuta shi a rajistar aji. Yaron yana tashi, ya yi salla, ya sa kayan makaranta, ya ɗaure takalmi, ya rataya jaka. Sai bas ta yi oda a ƙasa, sai ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa a kan mariƙin, zufa tana keto masa alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Yana nan tsaye har ƙarar bas ta ɓace. Sai ya juyo ya ce da ni, “Khalas, shi ke nan, Tsoho, ta wuce.” Ya koma ɗaki da takalminsa a ƙafa. Wanda ba ya son makaranta ba ya ɗaure takalmi.

Shari'ar da na karanta ta ɗauke wa marar lafiya azumi, ta bar shi ya yi salla a zaune ko a kwance. Ba ta ce sai ciwon da ake gani a fata ba. Idan Mahalicci Ya yi wa bawanSa rangwame a cikin haƙƙinSa, ina ganin ba zai gagari makaranta ta yi wa ɗalibinta rangwame a cikin nata ba.

Na biyu: yadda rahotonku ya tafi.

An rubuta a cikinsa cewa an yi ta kiran mahaifin yaron ba ya amsawa. Gaskiya ne an kira. Amma ɗana yana aiki ne a ma'aikatar da ake ajiye waya a bakin ƙofa, ba ya karɓarta sai an tashi, lokacin kuwa ofishinku ya rufe. Ya je da kansa a farkon zango ya sanar da malamin ajin halin da ake ciki, malamin ya yi masa jaje, ya ce zai isar. Ban san inda maganar ta tsaya ba, ba na kuma zargin mutumin da mugun nufi. Abin da na sani shi ne rahoton ya ambaci kwanakin da yaro bai zo ba, bai ambaci ciwo ba ko da kalma ɗaya. Addininmu ya hore mu da mu bincika labari kafin mu gina hukunci a kansa, don kada mu cutar da wasu bisa rashin sani. Ni ina gida kullum, ina jin Larabci, lambata tana wurinku. Ba a taɓa kirana ba.

Na uku: ranar ziyara.

Wannan ita ce zuciyar maganata, ina roƙon ka karanta ta a hankali.

Jami'ar ta zo ina Umra, inda na je roƙa wa yaron nan sauƙi. Ɗana da matarsa ta tarar. Sun shaida mini baiwar Allah ce mai ladabi, ta yi sallama, ta zauna inda aka nuna mata, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Ta ce da ɗana ya kira mata yaron. Sai ya dubi matarsa ya ce, “A kira wancan.” Ta tambaye shi sunan ɗansa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ɗauko katin shaidar yaron ya miƙa mata. Ta sake tambaya, tana son ta ji daga bakinsa. Ya ce mata da Turanci shi ba ya faɗin sunan nan. Ta tambayi dalili, ya ce haka nan ne, ba a yi. Da yaron ya fito, ya durƙusa daga nesa ya gaishe su idonsa a ƙasa. Uban bai dube shi ba, bai ce ya matso ba, ya ma juya fuskarsa wajen taga. Da ta tambaye shi wane hali na ɗansa yake alfahari da shi, sai ya ce, “Yaro ne kawai.”

Abin da ta rubuta, kamar yadda aka karanta mana, shi ne uba ba ya iya furta sunan ɗansa, ba ya kallonsa, ba shi da kalmar yabo a kansa, yaro kuma yana durƙusawa cikin tsoro. Ta ƙarasa da cewa akwai alamun sakaci da ƙiyayya, mai yiwuwa su ne tushen ciwon.

Wallahi ba ta yi ƙarya ba cikin abin da idonta ya gani. Ni ma da ban san mutanenmu ba, haka zan rubuta. Amma abin da ta gani yana da suna a wurinmu, ana ce masa alkunya. A gidajen da suka riƙe tsohuwar tarbiyya, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a gaban baƙi, ba ya wasa da shi a bainar jama'a. Ana ɗaukar hakan kawaici ne da kamun kai, wai kada mutum ya nuna rawar jiki a kan abin da Allah Ya fara ba shi. Yaron nan kuwa ɗan fari ne, sannan sunana aka sa masa. Ke nan alkunya biyu ce ta haɗu a bakin ɗana: ta ɗan fari, da ta sunan mahaifi, wanda ɗa mai tarbiyya ba ya furta shi gatsal. Durƙuson da ta gani kuwa gaisuwa ce. Shi kansa uban, da furfurarsa, haka yake durƙusa mini kowace safiya. Ita kuma alkunyar da ta hana shi faɗin sunan, ita ce ta hana shi yi wa baƙuwa bayanin dalili.

Na huɗu: abin da ziyara ɗaya ba ta nunawa.

Mutumin da aka rubuta ba ya kallon ɗansa, shi ne idan ya dawo daga sallar Asuba yake shimfiɗa darduma a bakin ƙofar ɗakin yaron, ya zauna yana lazimi a hankali don kawai ɗan ya ji akwai mutum a kusa. Shi ne yake ɓare ƙwayar magani ya ɗora a kan faranti, ya miƙo mini ya ce, “Baba, a ba takwaranka.” Shi ne ya lura yaron ba ya cin komai sai gasasshen kifi, ya mayar da zuwa bakin tashar jiragen masunta aikinsa na kowace Juma'a. An yi masa tayin ƙarin girma da zai kai shi aiki can cikin teku, ya ƙi, bai kuma faɗa wa kowa dalili ba. A ranar da likita ya faɗi sunan ciwon, na same shi a cikin mota ya kifa kai a kan sitiyari. Da ya gan ni sai ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido.

Ni kuwa kaka ne, al'ada ta sake mini baki. Ni nake tsokanar yaron, in ce ya sace mini suna bai biya ba, shi kuma ya ce ai na tsufa da shi, gara in bar wa mai jini a jika. Bayan La'asar nake lallaɓa shi mu taka zuwa bakin ruwa, shi yana riƙe da hannuna saboda idona, ni ina riƙe da nasa saboda zuciyarsa. Haka gidanmu ya raba aikin ƙauna: wani da baki, wani da hannu. Wanda ya zo ya tarar da rabi, zai ce babu.

Malaman fiƙihu sun sanya al'adar mutane cikin abin da alƙali yake dubawa kafin ya fassara maganarsu ko shirunsu. Wannan kaɗai nake nema a yi mana.

Na biyar: abin da yake kanmu.

Ba zan ce alkunya addini ce ba, domin ba shi ba ce. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗaukar jikokinsa, yana sumbatarsu a gaban jama'a, yana kiran yara da sunayensu. Ba na kuma ƙin dokar da ta sa hukuma ta leƙa gidan da yaro ya ɓace daga aji. Akwai gidajen da leƙawar nan ita ce ceton rai, Allah Ya saka wa masu yin ta. Ga 'yan'uwana masu karanta wannan, daga unguwar Najma har ta Asian Town, ina cewa: idan yaro ya rufe ɗaki ya daina dariya, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti, kada a ɓoye shi don gudun bakin mutane. A kuma sani yaran da suka tashi a nan suna ganin iyayen abokansu suna rungumarsu a ƙofar makaranta. Ba lalle su fahimci shirunmu yadda muka fahimci na iyayenmu ba.

Wannan tunani ne ya sa da na dawo na kira ɗana, na ce masa na yafe masa haƙƙin sunana, ya kira ɗansa da shi. Ya je bakin ƙofar ɗakin yaron ya tsaya, ya buɗe baki, ya rufe, ya dawo ya durƙusa ya ce, “Baba, bakina ya ƙi.” Ban matsa masa ba. Matarsa ce ta faɗa mini daga baya cewa yanzu idan zai tafi aiki yana rufe gilashin mota, ya yi ta maimaita sunan shi kaɗai a kan hanya, domin ya ji an ce kwamiti zai iya sake tambayarsa. Mutum mai shekara arba'in da wani abu yana koyon furta sunan ɗansa kamar mai koyon baƙi, don kada a ɗauke masa shi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Ka aika wa kwamitin ƙarin bayani kafin ya zauna, cewa rashin zuwan yaron na ciwo ne da likita ya tabbatar, kuma mahaifinsa ya sanar da makaranta tun farkon zango.

Ka nemi a ba ni izinin halartar zaman, ko a samo wani da ya san harshenmu da al'adarmu, ba mai fassara kalmomi kaɗai ba.

A tambayi yaron shi kaɗai, a wuri mai natsuwa, wane ne yake zama a bakin ƙofarsa da asuba. Na yarda da duk amsar da ya bayar.

A riƙe masa gurbinsa, a aiko masa da darasi gida, a bar shi ya dawo sannu a hankali bisa shawarar likitansa, ko da darasi ɗaya ne a yini. Ni zan raka shi har ƙofar aji in zauna a waje, idan kun yarda da tsoho a barandarku.

Likitansa ya ce abin da ya fi buƙata yanzu shi ne fuskokin da ya sani da ɗakin da ya saba. Ina tsoron idan aka raba shi da su, za a ɗauke shi daga hannun da ke riƙe da shi saboda hannun bai iya magana ba.

Allah Ya yi maka jagora cikin amanar 'ya'yan mutane da ke wuyanka. Ya raya maka naka, Ya tsare su daga ciwon da ake gani da wanda ba a gani. Ya saka wa jami'ar da ta zo gidanmu da alheri bisa kyakkyawar niyyarta, Ya nuna wa kwamitin gaskiya Ya ba su ikon binta. Ya zaunar da wannan ƙasa da ta karɓi baƙuncinmu lafiya.

Za ka ga ban sa sunana a ƙarshen wannan takarda ba. Sunana sunansa ne, shi kuma yana da haƙƙin sutura. Na bar shi ga mahaifinsa, ya zama shi ne zai fara faɗinsa a fili.

Wassalam.

Naka,
Kakan yaron,
Al Wakrah.