Yatsun da Siminti Ya Cinye

Daga: Baba Ginshiƙi, magini,
Gida mai baƙar ƙofa, layin masu walda,
Bayan tashar mota.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Rajistar Baƙi da 'Yan Gudun Hijira.

Talata, 14 ga Afrilu.

Game da: Hana ni sabon katin zama bayan an lalata tsohon, da hana ni zuwa jinyar matata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina so a fara rubuta cewa ni na hango wannan matsala kafin kowa ya hango ta. Ranar da aka sauke na'urar ɗaukar zanen yatsa a ofishinku ina bakin ƙofa, ina gyara muku matakalar da ta tsage. Na leƙa na ga ɗan gilashin nan da bai fi kwalin ashana ba, na dubi tafin hannuna, na ce wa mai gadinku abin nan zai ci mutane. Ya yi dariya, wai tsufa ne ke damuna. Yana nan da ransa, a kira shi a tambaye shi.

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Surukina, mijin autata, mai gyaran rediyo, shi ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. Na gargaɗe shi kada ya rage min magana. In an ga ladabi nawa ne, in an ga kuskure nasa ne.

Domin a san wanda ke magana: na shigo ƙasar nan shekara arba'in da ɗoriya, lokacin da yaƙi ya cinye garinmu. Na ƙetare kogi da matata a baya, cokalin gini a ƙugu. Ba duk waɗanda muka shiga ruwan tare ba ne suka fito, ni na fito. Amai da gudawa ya share tantuna a sansani, na fito. Bene ya taɓa ruftowa a kaina, aka tono ni da yamma ana salati, na tashi na nemi shayi. Abin da ya same ni kawai shi ne ƙaramin yatsan dama ya karye, ya warke a karkace. Tun shigowata ban kwana a ofishin 'yan sanda ba, ban taɓa barin katina ya mutu ba. Ga ƙorafina:

1. Ranar Talata, 3 ga Maris, ni da matata muka zo bisa sanarwar sabuwar doka cewa kowane ɗan gudun hijira ya musanya tsohon kati da sabo mai zanen yatsa. A taga ta ɗaya ma'aikacinku ya karɓi katunanmu ya datse su da almakashi tun kafin mu isa wurin na'ura. A taga ta uku matata ta ɗora yatsa sau ɗaya, aka ba ta nata. Har ta juyo tana min gwalo, wai ita ta riga ni zama 'yar gari. Ni na ɗora na dama, shiru. Na hagu, shiru. Yarinyar da ke wurin, Allah ya yi mata albarka, ta shafa min man hannunta, ta ce in hura musu iska, ta ce in goga a goshi, duk na yi a gaban jama'a. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce, Baba, ba ka fito ba. Ranka ya daɗe, ni ne ban fito ba? Kogi bai faɗa min haka ba, bene bai faɗa ba, sai kwalin ashana?

2. Dalilin a fili yake. Wanda ya shekara arba'in yana dama siminti da hannu ba ya da zane a yatsa. Nawa sun yi sumul kamar gindin kofi. Ban zo da su haka ba, da zanensu na shigo ƙasar nan, gine-ginenta ne suka cinye su. Na nemi a mayar min da tsohon katina, aka nuna min shi gida biyu a kwandon shara. Mai tabarau na taga ta huɗu ya ce in kawo takardar likita mai shaida cewa yatsuna sun goge. Ranar Litinin, 9 ga Maris, na je asibiti, suka ce ba a buɗe wa baƙo fayil sai da katin zama. Suka ce in kawo rahoton 'yan sanda cewa katina ya ɓata. 'Yan sanda suka ce ai bai ɓata ba tunda na san inda yake, kuma su ma ba sa rubuta wa wanda ba shi da kati komai. Na dawo taga ta huɗu, mai tabarau ya tambaye ni ina takardar likita. Ban zage shi ba. Ina so a rubuta cewa ban zage shi ba.

3. Wani ma'aikacinku ya ba ni shawara in huta da aiki, wai zanen zai tsiro. Na huta, don dama tun da doka ta fito babu ɗan kwangilar da ke ɗaukar marar kati, har waɗanda na koya wa riƙon cokali. Na zauna a ƙofar gida hannuwa jiƙe da mai, ni da ban taɓa yini a zaune ba, masu walda na wucewa suna tambayata ko shukar ta tsiro. Ranar Litinin, 30 ga Maris, na koma. Na'ura ta sake cewa ban fito ba.

4. Wannan shi ne babba, kuma shi ya sa na ɗaga murya. Ranar Alhamis, 2 ga Afrilu, ciwon ƙirji ya kayar da matata, aka ce sai babban asibiti na birni. Muka ɗauki mota da ita da babbar 'yarmu. A shingen bincike na bakin gada aka nemi kati. Jami'in bai ci mutuncina ba, har Baba ya kira ni, amma ya ce doka ta hana marar sabon kati fita daga gundumar da aka yi masa rajista. Aka sauke ni. Kan matata na kan cinyata, sai da na zare ta a hankali na ɗora kan jakar kaya. Matar da na goya na ƙetare kogi da ita, na tsaya a bakin gada ina kallon mota ta ƙetare da ita ba ni. Tun ranar ta waya nake jin ta. Da farko tsiya take min, wai in aro yatsun maƙwabci. Shekaranjiya ba ta yi tsiya ba. Cewa ta yi, Malam, in za ka zo ka zo, kada ka ce ban jira ka ba. Likitoci sun faɗa wa 'yarmu wata magana da ta ƙi maimaita min, kuma ni ba yaro ba ne.

5. Da na kai kuka taga ta huɗu, sai aka miƙo min takardar komawa gida bisa raɗin kai. Wane gida? Garinmu daji ne yanzu, takardar haihuwata ta ƙone tare da shi, can ma ba su san da ni ba. Gaba an rufe, baya babu. Daga ƙofar gidana zuwa gada, nan duniyata ta tsaya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma shugaba abu uku. A ba ni takardar wucin gadi mai hatiminka da za ta wuce da ni shingen gada cikin makon nan, don ciwon ba ya jiran na'ura. A daina datse tsohon kati sai sabo ya shiga hannun mai shi. Sannan a isar wa waɗanda suka tsara dokar nan cewa sun manta da masu aikin hannu. Dokar ba ta da laifi a wurina, na ji an ce mai sabon kati zai yi aiki ko'ina, 'ya'yansa su yi karatu kamar kowa, kuma na yi murna. Amma a benci ɗaya nake zama da masu wanki, da masu fasa dutse, da wata tsohuwa da sabulu ya cinye wa hannu, duk ba mu fito ba. Su kunya ta hana su magana, ni ba ta hana ni ba. A samo wata hanya, ko ido, ko fuska, ko shaidar mutanen unguwa.

Ina roƙon afuwa in harshena ya yi kaifi. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,
Baba Ginshiƙi, magini.
Ga dangwalena a ƙasa, baƙi ƙirin babu zane, kamar yadda na faɗa.

Surukina ya rufe takarda, na ce ya buɗe, da saura. Al'adata ce duk ginin da na gama sai na danna tafin hannuna na dama a ɗanyen siminti, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Katangar bayan ofishinku ni na yi ta, tun kana makaranta, ranka ya daɗe. A je bayan tankin ruwa a share ciyawa, za a ga hannu mai karkataccen ƙaramin yatsa. Duk mai shakkar ni ne ni, ko mai tabarau ko waninsa, ya zo gobe da safe ya tsaya a kaina, ya kawo na'urarsa in yana so. Zan durƙusa in sa hannuna a ciki. In bai zauna daram ba, a ɗaure ni a wurin. In kuwa ya zauna, a buɗe min gada in je wurin matata.