Azaran Babana Suna Ruɓewa, Matata Tana Kiru

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Malam mai karanta wasiƙu, don Allah ka sakaya sunana, wanda ya san ni zai gane ni ko babu suna. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi.

Ni mutumin ɗaya daga cikin garuruwan da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ne, shekarata arba'in da bakwai. Ranar da aka kawo lori aka ce mu kwashe, kowa yana ɗora tukwane da gado da awaki, ni na hau zauren babana na fasa rufin da hannuna, na zare azaran ɗaya bayan ɗaya. Na giginya ne, kakana ya saro su, hayaƙin shekaru ya mayar da su baƙi wuluk. Direba ya yi ta mita wai itace ya cika masa mota, na ce ko su hau ko ni ma in zauna ruwan ya same ni. Aka kai mu sabon matsuguni ta wajen Bebeji, aka buga turaku, aka ba kowa fuloti da lamba kamar buhun gyaɗa. Fako ne fetal, babu bishiyar da akuya za ta fake. Mutane suka yi ta gini, ni na kafa bukkar kara biyu na jingine azarana a baya, na ce wa matata Uwani zaman wucin gadi ne. Yau damina huɗu ke nan.

Dalili, ina da gidan da nake so, kuma na san inda zai zauna. Akwai wani tudu a bakin ruwan, tafiyar hantsi daga inda muke. Idan rani ya yi ruwa ya ja, daga kan tudun nan ana hango kan kukar ƙofar gidanmu, rassa uku sun leƙo. A bayan kukar nan aka binne babana, da 'ya'yanmu biyu da ƙyanda ta ɗauke a shekara guda. Can nake son gidana. Zaure mai zankwaye, rufinsa da azaran babana, a shafe bangon da makuba ya yi ja, dakali a ƙofa yana kallon ruwa, ɗakin Uwani a gabas da 'yar rumfarta ta girki, rumbu biyu, mangwaro ɗaya a tsakar gida. Na sha zuwa in zana shi a ƙasa da sanda, har wurin ɗaure jaki na fitar. Wasu sun ce an hana gini kusa da ruwa, wasu sun ce tudun yana da mai shi, har yau ban samu wanda ya tsaya ya ba ni magana ɗaya ba. Masu awo sun iya auna yadda za a tashe ka, in ka tambayi inda kake so ka zauna sai a ce ka dawo jibi.

Laifina kuwa ba zan ɓoye ba. Bara mai unguwa ya ce abin kunya ne a ce ɗan garinmu yana kwana a bukka, ya sa ranar gayya a zo a tayar mini da ɗaki a fulotin. Na ji nauyinsa na amsa. Uwani ta yi kwana biyu tana surfe da daka, ta dama fura, ta tuƙa tuwo, rabon da in ga tana waƙa a bakin turmi tun muna tsohon gari. Mutane suka zo da shebur da kwanduna suka fara cuɗa ƙasa. Sai Tanko magini, abokina tun muna yara, ya janyo azara ɗaya ya shimfiɗa a ƙasa, don da tsawon azara ake fitar da faɗin ɗaki. Ina ganin itacen babana kwance a fakon nan wani abu ya taso mini, na ce ya ɗauke hannunsa, na ce kowa ya kama gabansa, ba a nan za a ɗora su ba. Tanko ya ce mini yaro ɗan goye, ya ce in na ga dama in haɗiye azaran. Dattawa suka karkaɗe riguna suka tafi, ba wanda ya taɓa furar. Washegari na ga Uwani ta juye wa awakin maƙwabta ita.

Daminar bana bukkar ta yi ta yoyo, tari ya kama Uwani ya ƙi saki. Bayan kaka wanta ya zo daga Kiru ya tafi da ita a motar kasuwa wai a kai ta asibiti, ni ko kallona bai yi ba. Da ta ji sauƙi na bi ta. Na zauna ina ba ta labarin tudun nan, ina cewa ta ƙara haƙuri, ga inda ɗakinta zai kasance, da ta buɗe ƙofa sai ta hango kukar. Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce, Malam, gidan da ke cikin kanka ba ya tare ruwan sama. Ta ce yaran nan biyu ita ta haife su, ita ta yi musu goyo, kuma ba za ta iya tashi kullum ta buɗe ƙofa ta ga ruwan da ke kwance a kansu ba, ko da na gina mata bene a wurin. Ta ce shekara huɗu ina zana mata gidan nan ban taɓa tambayarta ko tana so ba. Gaskiya ne, ban taɓa ba. Shekararmu ashirin da shida tare, ban san wurin da nake kira Aljannar duniya ita tsoronsa take ji ba. Ta ce in akwai ɗaki mai rufi a fulotin za ta dawo, in babu, in bar ta a gidan wanta.

Da na dawo na kira Tanko ya duba azaran, ya zo da ƙyar. Ya bi su yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari, ya ware biyar gefe, ya ce gindinsu ya sha ruwa ya ruɓe, sauran in suka ƙara damina ɗaya a jingine sai dai a hura wuta da su. Ya ce in ana so tubali ya bushe kafin ruwan farko, sai a fara cikin watan nan. Ya kuma ce mutanen da na kora ba za su dawo ba sai na bi su zaure zaure na ba da haƙuri da bakina, mai unguwa ya ce shi ya cire hannunsa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ran Juma'ar da ta wuce na je tudun. Ruwa ya ja har ya wuce dutsen da nake yin alama da shi, na tsaya tun hantsi har azahar ina dubawa, babu kukar. Wani masunci ya ce mini ta daɗe da ruɓewa, ta kwanta. Na dawo gida ban zana komai ba.

To jama'a, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. In na ɗora azaran babana a kan fuloti mai lamba, na yarda ke nan garinmu ya tafi har abada, abin da na yi shekara huɗu ina ƙin faɗa. In ban ɗora ba, su su ruɓe, Uwani ta tsufa a gidan wanta. Wanne zan ɗauka? Kuma wanda ya taɓa korar gayya a ƙofar gidansa, don Allah ya faɗa mini da wace kalma ake fara sallama a zauren mutanen da aka hana shan fura. Allah ya saka da alheri, wassalam.